Darasi na Tara: Shari'ar Laifi da Shari'ar Neman Haƙƙi

Manufar darasi

Idan mun kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya faɗin inda dokokin da ake yi mana hukunci da su suka fito, ya bambance shari'ar laifi da shari'ar neman haƙƙi, ya kuma san inda zai dosa idan matsala ta same shi.

Asara ɗaya, hanya biyu

Mu ɗauka 'yan kasuwa biyu ne a layi ɗaya, kowannensu ya yi asarar naira dubu 300. Na farko, cikin dare aka ɓalle masa kwaɗon shago aka kwashe atamfofi. Na biyu kuwa shi da hannunsa ya ɗauki atamfofin ya ba wani abokin ciniki bashi, a kan zai biya bayan salla. Salla ta wuce, wata ya zagayo, kuɗi ba su fito ba, mutumin ma ya daina ɗaga waya.

A aljihu asarar ɗaya ce, ɓacin ran ma ɗaya. A wurin doka kuwa maganganun biyu sun yi hannun riga. Na farko laifi aka yi, sata da fasa shago, don haka ofishin 'yan sanda zai nufa, hukuma ce za ta nemo ɓarawon ta gurfanar da shi. Na biyu alkawari aka saɓa masa. Babu ruwan 'yan sanda da maganarsa. Shi da kansa zai je kotu ya shigar da ƙara, ya nemi alƙali ya karɓo masa kuɗinsa. Ta farko ita ce shari'ar laifi, wadda malamai ke kira jinaya, ta biyu shari'ar neman haƙƙi, ko madaniyya. A harabar kotu za ku ji lauyoyi da ma'aikata na cewa kiriminal da sibil.

Mece ce doka, daga ina take fitowa?

Doka ƙa'ida ce da hukuma ta kafa ko ta amince da ita, wadda kotu za ta iya tilasta wa mutum ya bi. Tilastawar nan ce ta raba doka da tarbiyya. Yaron da ya wuce dattijai bai gaishe su ba ya yi rashin ladabi, za a yi masa faɗa a gida, amma babu alƙalin da zai aika masa sammaci. Magidancin da ya ƙi ciyar da iyalinsa kuwa, alƙali na iya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata, ya kuma sa ya bayar ko yana so ko ba ya so.

A Najeriya, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ne ke sama da komai. Sashensa na 1 ya ce duk dokar da ta ci karo da shi ba ta da ƙarfi gwargwadon karon da ta ci. Ƙarƙashinsa akwai dokokin da Majalisar Tarayya da majalisun jihohi ke yi, da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, da dokokin al'ada na ƙabilu, da abin da muka gada daga Ingila. Hukuncin manyan kotuna ma doka ne, domin abin da Kotun Ƙoli ta yanke a kan wata mas'ala, dole ƙananan kotuna su bi shi idan irinta ta zo gabansu.

Kundin laifuffukan da aka daɗe ana aiki da shi a Arewa, wanda aka fi sani da Penal Code, yana da tarihi. Ana gab da samun 'yancin kai, a 1958, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, don su ba da shawara kan yadda za a samu kundi guda da Musulmi da wanda ba Musulmi ba za su zauna ƙarƙashinsa. Aka ɗauki samfurin kundin Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. An zartar da kundin Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960. Kudu kuwa tana aiki da wani kundin daban, Criminal Code. Daga baya, farawa da Zamfara a farkon shekarar 2000, jihohi 12 na Arewa suka dawo da hukuncin laifuffuka na shari'ar Musulunci a rubuce, don aiki a kan Musulmi. Shi ya sa abu ɗaya kan iya zama laifi a Gusau, a Inugu kuma ba laifi ba.

Shari'ar laifi

Laifi shi ne aikin da doka ta hana ta kuma sa masa horo: sata, fashi, kisan kai, fyaɗe, zamba, duka, garkuwa da mutane, sayar da ƙwaya. Doka na ɗaukar cewa wanda ya aikata irin wannan bai cuci mutum ɗaya kawai ba, ya taɓa zaman lafiyar kowa. Ɓarawon da ya fasa shago ɗaya ya hana duk 'yan layin barci. Saboda haka hukuma ce mai ƙara. Idan kuka duba takardar irin wannan shari'a za ku ga an rubuta Kwamishinan 'Yan Sanda da Wane, ko Gwamnatin Jiha da Wane. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ko lauyan gwamnati ne zai tsaya. Wanda aka yi wa satar, duk da shi ne ya kai rahoto, matsayinsa a kotu shaida ne.

Wannan na ba mutane da yawa mamaki. Mutum zai kai rahoto cikin fushi, bayan kwana biyu dangi su sa baki, ya koma ya ce ya janye, sai a ce masa magana ta fita daga hannunsa. A ƙananan laifuffuka, irin su zagi ko ɗan duka marar rauni, doka ta yarda a yi sulhu a rufe magana. A fashi da makami ko fyaɗe, yafewar wanda aka cuta ba ta tsayar da shari'a. Mai ikon dakatar da ita kafin hukunci shi ne Antoni Janar, na tarayya bisa sashe na 174 na Tsarin Mulki, na jiha bisa sashe na 211.

Babu laifi sai wanda aka rubuta. Sashe na 36 na Tsarin Mulki, ƙaramin sashe na 12, ya ce ba za a hukunta mutum ba sai an bayyana laifin da horonsa a rubutacciyar doka. Akwai sananniyar shari'a ta 1961 a tsohuwar Jihar Yamma, ta Aoko da Fagbemi, inda kotun gargajiya ta hukunta wata matar aure a kan zina. Babbar Kotu ta soke hukuncin, domin a can babu rubutacciyar dokar da ta sa zina cikin laifuffuka, ko da yake al'ada na ƙyamarta. A Arewa kuwa an rubuta ta cikin Penal Code, sashe na 387 da 388. Haka nan ba a yi wa mutum horo a kan abin da ya aikata tun kafin a kafa dokar da ta hana shi, kuma wanda kotu ta wanke ko ta hukunta ba a sake gurfanar da shi a kan wannan laifin, sai da umarnin kotun da ke sama.

Akasarin laifuffuka sai abu biyu sun haɗu: aiki da niyya. Wanda ya fito daga masallaci ya sa takalmin wani bisa kuskure, don sun yi kama da nasa, ya ɗauki kayan wani, amma bai yi sata ba. Saboda wannan ne doka ta ɗauke wa mahaukaci alhaki, Penal Code kuma ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi. Sai dai a lura, kuskure a kan abin da ya faru daban, rashin sanin doka daban. Cewa "ban san an hana ba" ba ya fid da kowa.

Sakamakon shari'ar laifi horo ne: ɗauri a gidan gyaran hali, tara, bulala a inda doka ta tanada, ko kisa a manyan laifuffuka. Tarar nan asusun gwamnati take shiga, ba aljihun wanda aka cuta ba. Kotu na da ikon ta ƙara da umarnin a mayar da kayan da aka sace ko a biya diyya, amma yana da kyau mutum ya gaya wa mai gabatar da ƙara tun da wuri cewa yana so a roƙi hakan.

Shari'ar neman haƙƙi

Nan rigima ce tsakanin mutum da mutum, ko mutum da kamfani, ko ma mutum da gwamnati, a kan wani haƙƙi. Bashi, cinikin da ya lalace, kuɗin haya, iyakar gona, rabon gado, saki da khul'i, riƙon 'ya'ya, albashin da aka hana ma'aikaci, duk nan suke. Akwai kuma ɓarnar da aka yi ba tare da wata yarjejeniya ba, kamar shanun da suka kubce suka cinye wa manomi dawa, ko magini da ya yi sakaci katangarsa ta faɗo wa motar maƙwabci.

Mai haƙƙi ne ke shigar da ƙara, shi zai biya kuɗin shigarwa, shi zai nemo shaidunsa, idan ya ɗauki lauya shi zai biya. Kotu ta aika wa wanda ake ƙara sammaci. Tun da maganar tasa ce, yana da ikon ya janye, ya yafe, ko ya karɓi rabi a wuce wurin. Alƙalai ma sun fi son a sasanta, sau da yawa sukan ɗage zama su ce a je a daidaita a gida, ko wurin mai unguwa, ko Hisba a inda take.

Ba a cewa wanda ya sha kaye a nan mai laifi ne. Cewa ake yi akwai haƙƙi a kansa. Abin da kotu ke nema shi ne ta mayar da mai haƙƙi inda yake kafin a cuce shi: a biya bashi, a biya diyyar dawa, a tashi daga fili, a cika ciniki, ko a dakatar da gini. Idan aka yanke hukunci mutum ya ƙi biya, kotu na iya sa ma'aikatanta su kama kadararsa a yi gwanjonta, ko ta umarci bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa.

Nauyin hujja

A nan ne bambancin ya fi yin tasiri. A shari'ar laifi, sashe na 36 na Tsarin Mulki, ƙaramin sashe na 5, ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Ba aikinsa ba ne ya wanke kansa. Hukuma ce za ta kawo hujja, kuma Dokar Shaida ta 2011, sashe na 135, ta ce hujjar sai ta kai inda mai hankali ba zai saura da wani kokwanto mai tushe ba. Idan shaida ya ce ya hango mutum ta baya, cikin duhu, yana jan akuya, ba a kuma samu akuyar a wurinsa ba, alƙali na iya sallamarsa ko da zuciyarsa na raya masa cewa shi ne. Jama'a kan fito daga kotu suna gunaguni, suna cewa shari'a saɓanin hankali. Dalilin tsananin shi ne abin da ke cikin haɗari: 'yancin mutum, sunansa, wani lokaci ransa. Kuɗin da aka karɓa bisa kuskure ana iya mayarwa, shekarun da mutum ya yi a tsare ba sa dawowa.

A shari'ar neman haƙƙi, sashe na 134 na Dokar Shaida ya ce rinjaye ake dubawa. Alƙali zai auna hujjar ɓangarorin biyu kamar yadda ake ɗora kaya a sikeli, wanda nasa ya rinjaya ko da kaɗan ne shi ya yi nasara. Mai takardar bashi da sa hannu da shaidu biyu zai rinjayi wanda ba shi da komai sai "wallahi na biya".

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da raba haƙƙin Allah da haƙƙin bawa. A kotun shari'ar Musulunci, mai da'awa ne ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ke kansa. A sha'anin dukiya, Malikiyya sun yarda da shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai da'awa. A haddi kuwa an tsananta: zina sai shaidu huɗu ko iƙirari, kuma shubuha na kawar da haddi. Kafin ya yanke hukunci, alƙali zai yi wa wanda hukuncin zai hau kansa i'izari, wato ya tambaye shi ko yana da sauran hujja. Inda tsarin biyu suka ɗan sha bamban shi ne kisa da rauni. A ƙisasi, magadan mamaci na da ikon su nemi a kashe, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Duk da haka hukuma ba ta fita gaba ɗaya, domin a Malikiyya wanda aka yafe wa kisan ganganci ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda.

Abu ɗaya, shari'a biyu

Aiki guda na iya haifar da shari'o'in biyu. Direban da ya yi tuƙin ganganci ya buge ɗan acaɓa, hukuma za ta tuhume shi da tuƙin ganganci, ɗan acaɓar kuma na da damar ya shigar da tasa ƙarar ya nemi kuɗin magani da na gyaran babur da na kwanakin da ya yi bai fita aiki ba. Tun da nauyin hujjar ba ɗaya ba ne, yana yiwuwa a sallami direban a ta farko, a ta biyu kuma a ce ya biya.

Kano ta ga babban misali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne a cikin gwajin, 11 suka rasu. A 2007 gwamnatin jihar ta shigar da ƙara iri biyu, ta laifi da ta neman diyya. Kamfanin ya musanta zargin, ya ce cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, gwamnatin jihar ta janye ƙararrakinta. Kotu ba ta kai ga cewa an yi laifi ko ba a yi ba, kuma hukumar da ta shigar da tuhumar ce ta janye ta, ba iyayen yaran ba.

Ga masu ƙetarawa Maraɗi ko Damagaram kasuwanci, tsarin Jamhuriyar Nijar ya biyo na Faransa. A can wanda aka cuta na iya shiga cikin shari'ar laifin a matsayin mai neman diyya, kotu ɗaya ta yanke horo da diyya a zama guda.

Bashi da ofishin 'yan sanda

Mu koma kan mai atamfa na biyu, domin a irin maganarsa ce aka fi yin ɓarna. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu nemi wani ɗan sanda da muka sani, a ɗauko mutumin, a rufe shi kwana biyu, danginsa su haɗo kuɗi. Ana yin haka ne don kotu na da jan lokaci, sel kuma na da saurin sa mutum ya tuna inda ya ajiye kuɗi. Amma haramun ne a doka. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, sashe na 8, ta ce ba a kama mutum don kawai rigimar neman haƙƙi ko saɓa yarjejeniya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita haka a sashe na 32. Manyan kotuna sun sha nanata cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne, ba kuma aikin EFCC ba ne.

Dokokin biyu sun kuma hana kama wani a madadin wani. Idan ana neman magidanci ba a same shi ba, ba a tafiya da matarsa ko ƙaninsa ko tsohonsa don ya fito.

Mai bin bashin da ya bi wannan hanya yana jefa kansa cikin haɗari. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Yana iya zuwa Babbar Kotu ya yi ƙarar 'yan sandan, ya haɗa da wanda ya turo su. Sai ka ga mai bin dubu 300 an ce ya biya abin da ya fi haka. A ganina, ko da babu wannan haɗarin, al'adar ta cancanci a bar ta, domin wanda ya fi sanin manya ne ke cin ribarta, ba wanda ya fi gaskiya ba. Yau kai ne mai bin bashi, gobe kai ake bi.

Wannan ba ya nufin mai taurin bashi ya sha. Alƙali, bayan ya saurari ɓangarori ya yanke hukunci, yana iya tsare wanda aka tabbatar yana da halin biya ya ƙi. Wanda aka tabbatar ba shi da shi, shari'ar Musulunci ta ce a jinkirta masa har ya samu, kotuna kuma kan raba masa biya kaɗan-kaɗan. Bambancin shi ne alƙali ne ya yanke, a fili, bayan hujja.

Akwai kuma inda abin da ya yi kama da bashi yake zama laifi, kuma niyya ce ke raba su. Wanda ya karɓi kaya da nufin biya, kasuwa ta juya masa baya, bashi ne a kansa. Wanda ya karɓi kuɗin fili alhali ya san filin ba nasa ba ne, ko ya sayar wa mutum uku fili ɗaya, ya yi zamba, domin tun farko da ƙarya ya raba mutum da kuɗinsa. Sashe na 419 na kundin Kudu ne ke magana a kan irin wannan, daga nan lambar ta shiga bakin jama'a. Wanda aka ba ajiya, ko yaron shago da aka aika banki da ciniki ya karkatar da kuɗin, ya ci amana, shi ma laifi ne. Uwar adashin da ta tattara zubi ta gudu, haka. Wanda ya rubuta cek ya karɓi kaya alhali ya san babu kuɗi a asusun, wata doka ta 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Tambayar da za ku riƙa yi ita ce: an yi ƙarya ko ha'inci don a karɓa, ko kuwa an karɓa da gaskiya biya ne ya gagara?

Rubutu na kashe rabin rigimar tun kafin ta taso. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Takarda mai ɗauke da sunaye, da adadin kuɗi, da ranar biya, da sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu, ta wadatar. Saƙon waya da shaidar tura kuɗi ta banki ma kotu na karɓarsu, don haka kada a goge.

Idan an kama mutum

Wanda aka kama bisa zargin laifi yana da haƙƙin a gaya masa dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san abin da ke faruwa a zahiri. Mace na iya tsaya wa mutum beli. A kotu, wanda ba ya jin Turanci a ba shi tafinta ba tare da ya biya ba. Marar galihu na iya neman lauya kyauta daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976. Kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a karanta masa ya fahimta ba.

Wace kotu, kuma yaushe?

Aure, saki, gado, da yawancin rigingimun bashi da gona tsakanin Musulmi, kotun shari'ar Musulunci ko kotun yanki ake kai su, gwargwadon tsarin jiha. Ƙananan laifuffuka na zuwa kotun majistare. Manyan laifuffuka irin su fashi da makami, da rigimar filin da ke da takardar mallaka ta gwamna, na Babbar Kotun jiha ne. Rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana ɗaukaka ƙara. A mas'alolin aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, ana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, ƙarshe Kotun Ƙoli a Abuja.

Lokaci ma na raba shari'o'in biyu. Akasarin manyan laifuffuka ba sa tsufa, wanda ya yi kisa ana iya gurfanar da shi bayan shekara 20. Haƙƙi kuwa yana iya mutuwa idan mai shi ya yi sake. Kowace jiha na da dokar da ta ƙayyade shekarun da za a iya shigar da ƙarar bashi ko fili. Ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, galibi wata 3 kacal doka ta bayar. A Malikiyya akwai hauzi: wanda ya ga wani bare na noma gonarsa ko gini a filinsa har shekara 10, yana gari, babu abin da ya hana shi magana, bai kuma ce uffan ba, alƙali ba zai saurari da'awarsa ba bayan nan. Ɗaukaka ƙara ma na da wa'adi, don haka a tambayi magatakardan kotu tun ranar da aka yanke hukunci.

Aikin aji

1. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ku faɗi ko shari'ar laifi ce, ko ta neman haƙƙi, ko duka biyun, ku kawo dalili: tela ya karɓi yadi da kuɗin ɗinki, salla ta zo bai ɗinka ba, tela ya sayar da yadin ya ce ya ɓace, ɗan haya ya yi wata 8 bai biya ba, mai gida ya ɓalle ƙofar ɗan hayar ya watso masa kaya waje, wa ya hana ƙannensa mata gadon gona.

2. Wata mata ta zo muku tana kuka, an tafi da ɗanta ofishin 'yan sanda saboda ana bin mijinta kuɗin taki. Me za ku gaya mata, kuma ina za ku raka ta?

3. Ku bayyana da bakinku dalilin da ya sa za a iya sallamar mutum a shari'ar laifi, a kuma ce ya biya diyya a kan wannan aikin.

4. Ku kasu biyu-biyu, ku rubuta takardar bashin buhun masara 5 da za a biya bayan girbi. Ku karanta wa aji, sauran ɗalibai su faɗi abin da aka manta.